Idan boltej ya faɗi, karant hawa yake yi ko sauka?

Ɗan Koyo (Agege): Assalamu alaikum manyanmu. Ga wata hita irin ta tsomawa a bokiti, rubutun jikinta ya goge, ba a ganin wat ɗinta. Tana kan aiki na sa mita a soket, ta nuna bolt 198. Kilam mita kuma, wato mai bakin da ke kama waya ta auna karant, a kan waya ɗaya ta nuna amfiya 4.4. Om nawa ke cikinta, kuma wat nawa ce? Sannan me ya sa da daddare take daɗewa ba ta tafasa ruwa ba?

Malamar Fiziks (Yaba): Wa alaikumus salam, ƙanena. Ai lambobi biyun da ka kawo sun isa. Turjiya, wadda ake aunawa da om, ita ce boltej (bolt ɗin da ka auna) a raba da karant (amfiya ɗin), R = V ÷ I. To 198 a raba da 4.4, ya ba ka om 45 cif. Wat kuma boltej ne sau karant, P = V × I, wato 198 × 4.4, kusan wat 871. Dokar farkon ita ce wadda Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827.

Amma ka lura, 871 ɗin nan abin da hitar ke ci ne a daidai lokacin da ka auna, ba shi aka rubuta a kwalinta ba. Wutar gida a Nijeriya an tsara ta a kan bolt 230. Idan kana son sanin ainihin girmanta, ka ninka 230 da kansa, ka raba da 45, P = V² ÷ R. 52,900 a raba da 45 ya zo wat 1,176. Ke nan hita ce ta wat 1,200, kuma da wuta za ta cika, amfiya 5.1 za ta ja.

Ɗan Koyo (Agege): Na gode Malama. Amma bolt 32 kacal ne ya ragu, ya aka yi wat 300 suka tafi?

Malamar Fiziks (Yaba): Saboda faɗuwar sau biyu take dukanka. Boltej ya sauka, shi kuma karant ya bi shi ya sauka, ga shi kuma su biyun ake ninkawa a sami wat. Boltej ya ragu da kashi 14 cikin ɗari, zafi ya ragu da kashi 26. Ɗauki lita 10 na ruwa mai ɗumin digiri 28, kana son kai shi 100. Yana buƙatar kusan yunit 0.84 na wuta, ko ta cika ko ba ta cika ba. Da wat 1,176 minti 43 ne, da wat 871 kuwa sai minti 58. Da daddare kowa ya dawo gida ya kunna kayansa, layi ya yi nauyi, boltej ya zube, shi ya sa ruwan ke jan lokaci.

Baba Mai Koyil (Idi-Araba): Malama, Allah ya ƙara ilimi, amma ban yarda da wannan ba. Kin ce idan boltej ya sauka karant ma sauka yake. To me ke ƙona famfunan rijiyar burtsatse da firizoji? Yawancin moton cikinsu, wato injin da ke juyawa, da ake kawowa a sake masa naɗin waya, raunin wuta ne ya kashe shi, ba yawanta ba. Ka buɗe ka ga banish ɗin koyil, wato fentin da ke rufe wayar naɗin, ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Ka sa kilam a kan famfo lokacin da wuta ta yi rauni, da idonka za ka ga karant ya haura. Kada a koya wa yaro abin da zai je fili ya ga akasinsa.

Mai Wayarin (Obalende): Ina bayan Baba. Kowa ya san raunin wuta karant yake jawowa.

Injiniya (Ikeja): Baba, ranka ya daɗe, abin da ka gani a kilam gaskiya ne, lissafin Malama ma gaskiya ne. Kaya ne iri biyu kuke magana a kai.

Hita, dutsen guga, butar lantarki da hotfilet duk waya ce kawai da ke yin zafi. Turjiyarta a tsaye take, ba ta da zaɓi. Ka rage mata boltej, ta rage karant. Irin waɗannan raunin wuta ba ya ƙona su, sai dai su yi sanyi.

Moto ba haka yake ba. Famfo aikinsa ya ɗaga ruwa zuwa tanki, kuma nauyin ruwan bai san boltej ya faɗi ba. Aikin da ake nema daga gare shi yana nan, don haka wat ɗin da yake sha kusan yana nan, abin da ya rasa a boltej sai ya cike shi da karant. Mu ɗauki famfo mai ƙarfin doki ɗaya, wato wat 746 a bakin shaf, sandar da ke juyawa. A ce ingancinsa kashi 70 ne cikin ɗari, to daga layi yana shan kusan wat 1,066. A ce fawa faktonsa, wato kason boltej sau karant da ke zama wat na gaske, 0.8 ne. A bolt 230: 1,066 a raba da 184 (230 × 0.8), amfiya 5.8. A bolt 180: 1,066 a raba da 144 (180 × 0.8), amfiya 7.4.

Wani zai ce ai amfiya 1.6 ne kawai ya ƙaru. Nan ne matsalar take. Zafin da koyil ke yi karant ne a ninka da kansa sau turjiyar koyil ɗin, P = I² × R. 5.8 sau kansa 33.6, 7.4 sau kansa 54.8. Zafi ya ƙaru da sama da kashi 60 cikin ɗari a cikin waya ɗaya, banish ɗaya. Baƙin da Baba ke gani ke nan.

Akwai wanda ya fi wannan muni, shi ne wajen tashi. Ƙarfin juyin moto shi ma boltej sau kansa yake bi, a bolt 180 abin da ya rage masa bai wuce kashi 61 cikin ɗari ba. Kwamfaresar firiza ta yi yunƙuri ta kasa juyawa, sai ta tsaya tana gurnani tana shan karant ɗin tashi, wanda kan ninka na aiki sau biyar ko fiye. Obalod, ɗan abin kariyar da ke yanke mata wuta idan ya yi zafi, ya yi ƙas ya yanke, ya huce ya dawo, ta sake gwadawa. Duk firizar da kuka ji tana wannan ƙas-ƙas ɗin, a zare filoginta nan take.

Baba Mai Koyil (Idi-Araba): To madalla, yanzu na ji magana. Amma in ƙara maka, Injiniya, ba kowane ƙas-ƙas ne raunin wuta ba. Kafasito idan ya mutu ko rilen tashi ya lalace, wato ƙananan kayan da ke taimaka wa kwamfaresa tashi, alamar ɗaya ce. A fara auna boltej a bakin soket ɗin lokacin da take yunƙurin tashi, ba lokacin da take zaune ba. Idan ya tsaya sama da 200 amma ba ta tashi ba, a bar zargin wuta a duba kafasito.

Injiniya (Ikeja): Haka yake Baba.

Ɗan Koyo (Agege): To idan na cire moto daga wuta na auna koyil ɗinsa da mita, ya ba ni om 4, zan iya raba 230 da 4 in san karant ɗinsa?

Malamar Fiziks (Yaba): A'a. Gwada ka gani, 230 a raba da 4 amfiya 57 ne da rabi, alhali moto irin wanda Injiniya ya lissafa bai fi shan 6 ba a cikakkiyar wuta. Mitarka da ɗan batirin cikinta take aunawa, turjiyar jan ƙarfen kawai take gani. A wutar AC kuwa, irin ta gida mai kai da kawowa, koyil yana da wata turjiyar ta daban da maganaɗisunsa ke haifarwa, kuma da zarar moto ya fara juyawa yana samar da nasa boltej ɗin da ke tunkuɗe na layi. Awon om a kan koyil amfaninsa ka san ko ya yanke, ko ya haɗe, ko ya taɓa jikin ƙarfe. Ba na lissafin karant ba ne.

Ko ƙwan fitila irin na da mai zare yana yaudarar mita. Ƙwai mai wat 60 a bolt 230, lissafi ya ce om 882. Ka auna shi a sanyi ka ga sittin da wani abu. Babu wanda ya yi ƙarya, zaren tangistin ne turjiyarsa ke ninkuwa fiye da sau goma idan ya yi jawur. Shi ya sa irin ƙwan ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka danna makunni. Ita wayar hita nikurom ce, sanyi da zafi bambancinta kaɗan ne, don haka idan ka cire taka daga soket ka auna, za ka sami wani abu kusa da 45 ɗin nan.

Mai Gyaran Salula (Computer Village): Caja da talabijin da kwamfuta su ma a sa su sahun moto. Ku duba jikin caja, an rubuta bolt 100 zuwa 240. Wat ɗin da take bukata take ɗauka, boltej ya sauka ta ƙara karant. Sai dai nata kaɗan ne, ba ya kai ga ƙuna.

Kuma ga masu ƙananan aiki, lissafin ɗaya ne. Kana son sa ɗan jan LED a batir mai bolt 12. Shi bolt 2 yake riƙewa, karant ɗinsa amfiya 0.02. Sauran bolt 10 razisto ne, ɗan abin da ke rage karant, zai shanye, 10 a raba da 0.02, om 500, sai ka sa 510 ko 560 da ake samu a kasuwa. Inda yara ke mantawa shi ne wat ɗin razisto ɗin: 10 × 0.02, wat 0.2. Na kwatan wat zai ɗauka amma zai yi ta zafi, a sa na rabin wat a huta.

Mai Wayarin (Obalende): Na karɓi gyara a kan hita. Amma akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi cin gidaje a Legas: ita kanta wayar da ta kawo wutar tana da nata om ɗin. Ɗan Koyo ya auna 198 a soket. Wa ya ce 198 ne ke shigowa a bakin mitar gida? Wataƙila 210 ne, sauran a hanya ya zube.

Ga lambobin waya ta jan ƙarfe tsantsa, a kowace mita 1,000: mai 1.5mm² om 12.1, mai 2.5mm² om 7.4, mai 4mm² om 4.6, mai 6mm² om 3.1. A shaguna irin na Mile 12 da Alaba Rago sai a ja waya daga janareta ɗaya zuwa rumfa mai nisan mita 50. Wuta zuwa take ta dawo, tsawon da za ka lissafa mita 100 ne ba 50 ba, kuma nan mutane da yawa ke yin kuskure. Da mai 1.5mm², om 1.21 ke nan. A ɗora mata amfiya 10: bolt 12 ya zube a hanya, wat 121 kuma ya tafi wajen ɗumama waya, mai shago yana biyan kuɗin man. Da mai 2.5mm², bolt 7.4 da wat 74. Idan firiza ce a ƙarshen wayar, ku tuna abin da Injiniya ya faɗa, lokacin tashi karant ɗin ninkuwa yake, zubewar ma ta ninku.

Sai mahaɗa. Sukurun soket da bai ɗauru ba, ko waya biyu da aka murɗe aka naɗe da tef, suna iya ba da rabin om. Rabin om kamar ba komai ba. A amfiya 10, 100 × 0.5, wat 50 ne a wurin da bai fi ƙwayar wake ba. Robar soket ta fara yin ruwan ƙasa, ta narke, zafin ya ƙara sassauta sukurun, om ya ƙaru, zafi ya ƙaru. Bureka kuma ba za ta yanke ba, domin ita amfiya 10 take gani, lafiya lau a wajenta. A unguwannin da ke kusa da teku, irin su Obalende, Lekki da Ajah, iskar gishiri da laima na sa bakin waya ya yi kore da wuri, don haka a riƙa buɗe soket na hita da na AC mai sanyaya ɗaki ana dubawa.

Ɗan Koyo (Agege): Oga, ya zan gane zubewar daga cikin gida take ko daga layi?

Mai Wayarin (Obalende): Bar hitar a kunne. Auna a allon bureka, ka dawo ka auna a soket. Bambancin shi ne abin da wayar gida ta cinye. Bolt 3 zuwa 5 a irin wannan nauyin ba abin damuwa ba ne. Idan ka ga 12 ko 15 da amfiya 4.4 kacal, raba ka gani, om 3 ke nan a hanya, ya yi yawa ƙwarai. Ko dai waya ta yi siriri, ko akwai mahaɗar da ta saki, ko kuma wayar ba jan ƙarfe ba ce.

Mai Sola (Alaba): Wannan na ƙarshen ya cika kasuwa. Alminiyam ne a ciki, an shafa masa jan ƙarfe a baya. Turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da kusan sau 1.6, kuma yana karyewa a ƙarƙashin sukuru. Kankare shi da reza, idan cikin ya fito fari ka gane. Ko ka kara masa wutar laita, silin zai lanƙwashe ya zube, na jan ƙarfe kuwa ja kawai zai yi.

Da lissafi ma ana kama shi. Naɗi mai mita 100 na 2.5mm² ya kamata ya ba da om 0.74. Sai dai ƙananan mitocin nan ba su iya karanta ƙasa da om ɗaya da kyau ba, wayoyin mitar kansu suna da 0.2 zuwa 0.5, sai ka haɗa bakunansu ka ga nasu ka cire. Hanyar da ta fi ita ce ka bi da karant ɗin hita ta cikin naɗin na ɗan lokaci, ka auna boltej tsakanin farkonsa da ƙarshensa. Da amfiya 4.4, jan ƙarfe zai ba ka kusan bolt 3.3, na jabu zai haura 5. A duba tsawon da aka rubuta a takardar naɗin tukuna, ba kowanne ne ke cika mita 100 ba. Kuma wuta ce mai rai, a rufe bakunan da kyau kafin a kunna.

Mu a ɓangaren inbata abin ya fi tsanani, saboda boltej ƙarami ne. Kaya na wat 1,000 a bolt 230 amfiya 4.3 ne. Kayan nan dai a bayan inbata mai bolt 12, idan ingancinta kashi 85 ne, tana zuƙar wat 1,176 daga batir, a raba da 12, amfiya 98. Batir yana nesa da mita 2, zuwa da dawowa mita 4. Da waya mai 6mm², om 0.012: bolt 1.2 ya zube, wat 118 ya zama zafi. A wutar gida bolt ɗaya ba a ko kallonsa, a nan kuwa kashi goma ne cikin ɗari. Batir yana 11.8, inbata tana ganin 10.6, ta fara kuka ta mutu, mai gida ya ce an sayar masa da mataccen batir. Da 16mm² zubewar ba ta kai rabin bolt ba, kuma ko ita don amfiya 98 gara a haura 25mm². A mayar da tsarin bolt 24, karant ya koma 49, asarar waya ta koma kashi ɗaya bisa huɗu. Ni a ganina duk wanda kayansa suka kai wat 1,000 bai kamata a haɗa masa bolt 12 ba.

Shugaban Zaure: Jama'a, masu turo tallan batir a tsakiyar darasi, na goge. Ranar Juma'a ce ta talla. A ci gaba.

Baba Mai Koyil (Idi-Araba): Tunda yara na karantawa, a faɗa musu yadda ake awon kansa, don a nan ake asarar mita, wani lokacin har da yatsa. Boltej a kan kaya ake auna shi, baki ɗaya a layif, ɗaya a nutural. Karant kuwa sai ya ratsa ta cikin mitar. Wanda ya bar jar wayar mita a ramin 10A na awon karant ya tsoma a soket, ya haɗa layif da nutural kai tsaye, domin cikin ramin nan turjiyarsa ba ta wuce om 0.01 ba, kuma a mitoci masu araha ko fiyus babu a wajen. Da ka gama awon karant, mayar da jar wayar raminta kafin ka ajiye.

Kilam waya ɗaya take kamawa. Ka kama igiyar hita gaba ɗaya da layif da nutural a ciki, sifili za ta nuna, don na zuwa da na dawowa sun kashe juna. Om kuma ba a auna shi da wuta a jiki, kafasito ma sai an sauke cajinsa.

Mai Sola (Alaba): Kuma yawancin kilam AC kawai suke karantawa. Ka sa a wayar batir ta ce maka babu komai alhali amfiya 90 na wucewa. A nemi mai karanta DC, wato irin wutar batir, a danna sifili kafin a kama.

Ɗan Koyo (Agege): Saura tambaya ɗaya. Tunda a raunin wuta hitar wat 871 take ci maimakon 1,176, ke nan kati zai fi daɗewa?

Malamar Fiziks (Yaba): Ina! Mitar kati yunit take ƙirgawa, wato wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Lita goman nan yunit 0.84 ne ko ta wace hanya, ƙasa-ƙasa aka sha ko da sauri. Ƙila ma ka ɗan fi biya, don bokitin ya fi daɗewa yana zubar da zafi a iska. A farashin naira 225 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sanya wa Band A, rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024, kusan naira 189 ke nan. An taɓa farashin bayan nan, ka duba rasit ɗin katinka ka ninka da naka.

Injiniya (Ikeja): Kafin wani ya ce a sayo sitabilaiza a huta, ita ma ba ta ƙirƙirar wuta. Taransifoma ce da ke musanya karant da boltej. AC da firiza na wat 2,000 a bayanta, a bolt 230 amfiya 8.7 ne kafin a sa fawa fakto. Idan 150 ke shigo mata, a gabanta sai ta ja 13.3, da asararta ya doshi 14. Filogi mai baki uku fiyus ɗinsa 13 ne, iyakarsa wat 2,990 a cikakkiyar wuta, a bolt 150 kuwa 1,950 kawai. Shi ya sa filogin sitabilaiza ke narkewa alhali kayan ba su ƙaru ba. Babba a ba ta layinta daga allon bureka da waya 4mm², kuma a karanta takardarta, don yawancinsu ba sa ba da cikakken ƙarfin (VA) da aka rubuta a goshinsu idan shigowar ta yi ƙasa sosai.

Baba Mai Koyil (Idi-Araba): A ƙara da mai jinkiri. Bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, kwamfaresa tana son minti uku zuwa biyar kafin ta sake tashi, iskar gas ɗin cikinta ta daidaita. Yawancin sitabilaiza suna da maɓallin a gaba, mutane ne ke kashe shi don gaggawa. A bar shi a kunne ga firiza da AC.